Kwana 90 Kafin Ɗaurin Aure: Martani ga Mai Cewa Gwajin Jini Yaudara Ne

Wani marubuci ɗan unguwarmu, Malali a Kaduna, ya fitar da maƙala kwanakin baya yana kira ga limamai da waliyyai su daina neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Hujjarsa labarin wata amarya ne da ya ce ya sani. An gwada ta da angonta saura mako guda biki, takarda ta nuna dukansu lafiya lau, bayan 'yan watanni ta je awon ciki aka ce tana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Daga nan Malam marubucin ya yanke hukunci cewa ko dai kayan gwajin jabu ne, ko ma'aikata sayar da takarda suke yi, ko kuwa ilimin ne gaba ɗaya bai tsaya da ƙafafunsa ba. A ganinsa, abin da zai ce babu yau gobe ya ce akwai bai isa a rataya masa auren 'ya'yan mutane ba. Ya ce a koma binciken asali da hali irin na da, a bar wa Allah sauran.

Ban musa labarin ba, domin irinsa na faruwa. Inda na saɓa da Malam shi ne fassarar da ya yi masa. Gwajin farko da na biyu duk za su iya kasancewa daidai, kayan aiki masu kyau, ma'aikaci mai amana, kuma a sami wannan sakamakon. Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ya yi kafin ya ɗora alƙalami a takarda, bai yi ba: kwana nawa ne tsakanin ranar da cutar ta shiga jikin ɗayansu da ranar da aka ɗebi jinin?

Gwajin da aka fi yi mana a asibitocin Kaduna, wanda ake soka yatsa a ɗiga jini a kan 'yar takarda, ba ya ganin ƙwayar cutar da kanta. Yana neman sinadaran yaƙi ne da jiki ke ƙerawa bayan ya gane baƙuwa ta shigo, jiki kuwa sai ya ɗauki makonni kafin ya tara su yadda za su fito a layin gwaji. A kwanaki goman farko ma babu na'urar da ke ganin komai, ko a Landan ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fayyace lissafin. Gwajin PCR, mai neman ƙwayar kai tsaye, yana kama ta tsakanin kwana 10 zuwa 33 da shigarta. Gwajin ɗakin bincike da ake ɗiban jinin jijiya, wanda ke neman wani ɓangare na ƙwayar haɗe da sinadaran yaƙin, yana kamawa tsakanin kwana 18 zuwa 45. Na yatsa mai neman sinadaran yaƙi kawai, da na yawu da mutum ke saya a kemis ya yi wa kansa a ɗaki, daga kwana 23 ne har zuwa 90. Waɗannan su ne kwanakin ɓuya. Duk matar aure ta san kwatankwacinsu: cikin da ya shiga shekaranjiya ba ya fitowa a gwajin fitsarin yau, sai an jira al'ada ta tsallake, kuma ban taɓa jin wadda ta ce a daina gwajin ciki saboda haka ba.

Saboda haka takardar da ango ya miƙa wa liman ranar Juma'a shaida ce a kan abin da ya faru har zuwa wata uku da suka wuce. Abin da ya auku bayan nan, tana iya kama shi, tana iya kuskure shi.

Akwai abin da ya sa wannan giɓin ya fi yadda ake zato haɗari. A makonnin farko ƙwayar tana ninkuwa ba tare da mai tare ta ba, har a sami miliyoyinta a cikin mililita ɗaya na jini. Binciken da aka yi a kan ma'aurata a gundumar Rakai ta Uganda, aka buga a 2005, ya nuna cewa a watannin farko na kamuwa ne mutum ya fi saurin sa wa abokin zamansa. Wato lokacin da ɗan gwajin yatsa ya fi makancewa, a lokacin ne cutar ta fi yaɗuwa. Alamunta kuma ba sa taimakawa. Mako biyu zuwa huɗu da kamuwa, da yawa sukan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, kasala, wani lokaci ƙuraje. A Malali ko Badarawa wa zai kawo ƙanjamau a ransa don ya yi zazzaɓin kwana huɗu? Kemis za a je a karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro, in bai sauka ba a ce taifod ne, ya lafa don kansa, a ci gaba da shirin biki.

Yanzu a dubi yadda muke tsara aurenmu. An kai gaisuwar iyaye, an yi baiko, an sa rana, an kai lefe, an fitar da anko, an buga kati, an biya kuɗin wurin taro, 'yan'uwa na Zariya da Funtuwa sun fara sauka. Sai a lokacin wani ya tuna cewa limamin zai nemi takarda, a ruga asibiti ranar Talata don auren Asabar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a wannan sha'anin ranar tafiyar muke fafewa. Gwajin da aka yi a wannan matsin yana da illa biyu. Ba ya rufe kwanakin ɓuya, sannan idan ya fito da labari mara daɗi, babu wanda ke da sararin yin tunani, sai neman yadda za a rufa asiri. A nan kasuwar takardar jabu da Malam ke kuka da ita take samun masu saye.

A kan jabun na ba shi gaskiya, kuma zan ƙara masa abin da bai ambata ba. Kayan gwajin Determine, wanda aka daɗe ana fara gwaji da shi a Najeriya, an ƙayyade a ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 30 na ma'aunin zafi. Duk wanda ya san Kaduna a watan Maris da Afrilu ya san shagon kwano mara fanka yana wuce haka nesa ba kusa ba. Ana karanta sakamakonsa bayan minti 15, kada a wuce awa ɗaya, mai gaggawa kuwa yana iya duba shi a minti biyar ya sallami mutum. Akwai kayan da wa'adinsu ya ƙare. Duk waɗannan gyara suke bukata, kuma aikin hukumar yaƙi da ƙanjamau ta jiha, KADSACA, ne da Ma'aikatar Lafiya su sa ido a kai. Iyalai ma suna da nasu: a je asibitin da aka san ana bin ƙa'ida, irin su Barau Dikko ko babban asibitin Kawo, ango da amarya su shiga tare, su karɓi sakamakon daga hannun ma'aikaci, ba wai kowa ya kawo tasa takardar daga inda ya ga dama ba. Amma a ce don wasu na ha'inci a watsar da gwajin, wannan tsallen ya yi nisa.

Malam ya kawo kuma labarin akasin haka, na wanda aka ce yana da ita, daga baya aka ce babu. Wannan ma sananne ne, lissafi ne ke bayyana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da kayan gwajin gaggawa sai yana kama aƙalla 99 cikin 100 na masu cutar, yana kuma wanke aƙalla 98 cikin 100 na marasa ita. Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018 ya gano kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita a Najeriya, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 0.6. A ɗauki mutum 1,000 a wurin da ɗaya cikin ɗari ke da ita. Goma ne masu cutar, 990 lafiyarsu ƙalau. Kayan da ya tsaya a mafi ƙarancin ma'aunin nan zai iya nuna layi biyu ga kusan 20 daga cikin lafiyayyun, ninki biyu na masu cutar ke nan. Shi ya sa ƙa'ida ta hana a gaya wa kowa yana da ita da gwaji ɗaya. A Najeriya an daɗe ana bin Determine da Uni-Gold, idan suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak, tun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sai kaya uku daban-daban sun nuna a jere kafin a tabbatar. Wanda aka tsorata da layi ɗaya a shago, aka wanke shi a asibiti, tsarin ne ya yi aikinsa. Mai shagon ne ya yi azarɓaɓi.

Wani nau'in na yau akwai gobe babu shi ne na mai shan magani da aka gwada yawan ƙwayar a jininsa aka ce ba a ganta ba. Magani ne ya danne ta, tana nan, ranar da ya ajiye shan magani za ta taso. Masu da'awar warkarwa sun sha cin kasuwa da wannan takardar, har shugaban ƙasa guda, Yahya Jammeh na Gambiya, ya shiga sahunsu a 2007 ya sa marasa lafiya suka bar magungunansu.

Abin da ya fi damuna a maƙalar shi ne inda zargin ya sauka ba tare da Malam ya lura ba. A labarinsa amarya ce aka samu da cutar, don ita ce ta je awon ciki, a can ne ake gwada kowace mace. Bai gaya mana ko an sake gwada angon ba. A gidajenmu wanda aka fara kamawa shi ake ɗora wa laifi, kuma kusan kullum mace ce, saboda ita ke zuwa asibiti. Alhali in aka bi lissafin kwanaki, shari'ar Musulunci ta riga ta sanya wa macen da ta fito daga wani aure lokacin jira. Wadda aka saka tana idda ta tsarki uku, kusan wata uku ke nan, wadda mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma. Bazawarar da ta kiyaye iddarta aka gwada ta bayan ta gama, kwanakin ɓuyanta sun ƙare ko sun kusa. Namiji ba shi da idda. Yana iya rabuwa da mata yau ya ɗaura da wata mako mai zuwa, yana iya ƙaro ta biyu ko ta uku alhali ba a taɓa gwada na gidan ba, ban da wanda ke da hulɗar da bai gaya wa kowa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a mafi yawan aurarrakin da ake gaggautawa, takardar ango ce ta fi bukatar a tambayi kwanan watanta. Mai ƙara aure kuma, adalci ga amarya da uwargida duka shi ne a gwada gidan baki ɗaya.

Ga abin da nake ganin ya dace limamanmu na Malali da Unguwar Rimi da Unguwar Dosa su riƙe, maimakon shawarar Malam. A yi gwajin farko lokacin sa rana, kafin a kai lefe, tun ba a kashe abin da zai sa a ji kunyar ja da baya ba. A haɗa shi da gwajin ciwon hanta da na sikila, wanda shi sau ɗaya ya wadatar tunda jinin gado ba ya canzawa. A sake na ƙanjamau da ciwon hanta a makon biki, ya zamana aƙalla kwana 90 tsakanin biyun. Sharaɗin da ba a son faɗa a zaure shi ne kada wani sabon abu ya shiga tsakani, domin duk sabuwar hulɗa tana mayar da ƙidaya farko. Jihar Kaduna tana da dokar gwajin lafiya kafin aure tun 2017, Kano ma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a tata a watan Mayun 2024, bayan shekaru Hisbah na gwada masu shiga auren gata. Doka na iya tilasta takarda, amma waliyyi ne ke da ikon cewa ba zai tsayar da rana ba sai an yi na farko.

Za a ce wannan ƙarin wahala ne da kashe kuɗi ga talaka. Gwajin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati da dama, kuɗin Keke Napep daga Malali zuwa Kawo sau biyu kuwa bai kai na turmin atamfa ɗaya a lefe ba. Za a ce me ya sa ba za a yi PCR sau ɗaya a huta ba? Yana da tsada, na'urorinsa kaɗan ne kuma suna fama da awon masu shan magani da na jarirai, sannan shi ma yana da nasa kwanakin ɓuyan har zuwa 33.

Na ambaci jarirai, bari in tsaya kaɗan, don su ma maƙala irin ta Malam na iya cutar da su. Jaririn da uwarsa ke da cutar yana gadon sinadaran yaƙinta, suna iya zama a jininsa har wata 18, ko da shi bai kamu ba. Gwajin yatsa zai nuna layi biyu a yaro lafiyayye. Shi ya sa ake ɗigar jinin diddigensa a yi PCR yana mako shida. Kakar da ta ji an ce gwaji ƙarya ne ba za ta bari a kai jikanta ba.

Akwai kuma ƙidayar da Malam bai taɓo ba sam, ita kuwa da awa ake yin ta. Wanda allurar da aka yi wa mai cutar ta soke shi, ko yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko wanda ya yi hulɗar da yake tsoro, kada ya zauna jiran wata uku. Akwai maganin kariya da ma'aikatan lafiya ke kira PEP, ana fara shi cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kullum har kwana 28. Gwajin da ake yi a ranar farko don a san matsayin mutum ne kafin abin ya faru, sai a maimaita daga baya har a cika wata uku. A sha'anin fyaɗe al'adarmu ita ce a kwana uku ana shawara tsakanin kawunnai da mai unguwa, a je asibiti rana ta biyar, lokacin ƙofa ta rufe. Cibiyoyin Salama da ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri da na Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada don irin wannan aka buɗe su. A kai yarinya a daren, shawarar dangi ta biyo baya.

Ciwon hanta kuwa, wanda maƙalar ta ambata a layi ɗaya ta wuce, ya fi ƙanjamau yawa a cikinmu ninki-ba-ninki. Binciken NAIIS ɗin nan ya sami nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya, nau'in C kuma kashi 1.1. Ƙwayar B tana rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, a kan askar wanzami, a almakashin mai yankan farce da ke yawo layi-layi, a ƙahon da ba a tafasa ba. Idan allurar mai ƙanjamau ta soki mutum, kusan uku ne cikin 1,000 ke kamuwa, ta mai ciwon hanta na B kuwa tana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi rigakafi ba. Ita ma tana da lokacin ɓuyanta: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya ganin ta cikin kwana 30 zuwa 60 da kamuwa. Sinadaran yaƙi da nau'in C kuma sukan ɗauki mako 8 zuwa 11. Wannan na nuna cewa sakamakon da ya canza bayan aure ba lallai ne ya zama shaidar alfasha ba, aski ma ya isa. Kuma B tana da allurar rigakafi. Idan gwajin farko na lokacin sa rana ya nuna ɗaya yana da ita, ɗayan yana da watannin da zai fara allurarsa kafin tarewa. Gwajin ranar Talata don auren Asabar ba ya ba da wannan damar.

Shi kansa ƙanjamau yau ba ya yanke wa mutum aure. Binciken HPTN 052 na 2011 ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken PARTNER na Turai da ya biyo baya bai sami ko mutum ɗaya da ya ɗauka daga abokin zaman da magani ya danne ƙwayarsa ba. Mai cutar da ya san matsayinsa yana shan magani ya fi aminci ga matarsa a kan wanda ya kamu wata ɗaya da ya wuce yana riƙe da takarda mai cewa babu. Dokar tarayya ta 2014 ta hana nuna wa masu cutar wariya, ta kuma hana bayyana matsayinsu ba da izininsu ba, abin da ya kamata masu karanta sakamakon mutane a gaban taron ɗaurin aure su sani.

Binciken asali da hali da Malam ke so a koma masa, a ci gaba da yi, yana da amfaninsa. Sai dai ba zai gano matar kirki da ta ɗauka daga mijinta marigayi ba, ko saurayin da aka haifa da ciwon hanta bai taɓa sani ba, ko wanda aka ƙara wa jini a gaggauce bayan hatsarin mota a hanyar Zariya. Game da amaryar da ya ba da labarinta, in har yana da kusanci da gidan kamar yadda ya ce, abin da zai yi musu shi ne ya raka angon a gwada shi, da uwargida in akwai, ya kuma tabbatar ita amaryar ta fara shan magani tun cikin bai tsufa ba, domin da shi ake kare abin da ke cikinta, sannan a kai jaririn gwajin diddige idan ya cika mako shida.